Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsoffin Taswirorin Gaɓar Teku na Sifaniyawa da Asalin Sunayen Wurare

Wanda ya ɗora yatsa a kan taswira a gaɓar yammacin Amurka ya haura arewa zai bi ta San Diego, Santa Catalina, Santa Barbara, Monterey, har ya je Valdez da Cordova can Alaska cikin ƙanƙara. Ingilishi ake ji a titunan garuruwan nan, amma sunayensu na Sifaniyanci ne, kuma akasarinsu daga kan jirgin ruwa aka raɗa su, tun kafin wani Bature ya kafa ko bukka a wurin. Ga amsar tambayoyin da mai son tarihi kan yi idan ya fara leƙa waɗannan taswirori.

Su wa suka zana taswirorin, kuma don me?

Matuƙan jirage ne suke kawo bayanai, ma'aikatan sarki kuma suna haɗawa. A 1503 masarautar Sifaniya ta kafa wata hukuma a birnin Sabil mai suna Casa de Contratación, wadda duk jirgin da zai je sabbin ƙasashe ko ya dawo sai ya bi ta hannunta. Daga 1508 hukumar ta riƙa ajiye wata uwar taswira da ake kira Padrón Real. Matuƙin da ya dawo daga tafiya dole ne ya zo ya faɗi abin da ya gani: sabon tsibiri, bakin kogi, dutsen da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa. A shigar a uwar taswirar, daga ita kuma a kwafa wa masu shirin tafiya. Amerigo Vespucci ne mutum na farko da aka naɗa shugaban matuƙa don kula da wannan aiki.

Ba don ado aka yi su ba. Jirgi ɗauke da azurfa yana buƙatar sanin inda zai sami ruwan sha da inda zai fake wa guguwa. Sarki kuma yana buƙatar shaidar cewa wuri kaza ya faɗa ɓangarensa na layin da aka ja tsakaninsa da Fotugal a yarjejeniyar Tordesillas ta 1494.

Uwar taswirar kanta ba ta kai zamaninmu ba. Abin da ya rage su ne kwafi masu kyau da aka yi wa manyan baƙi kyauta, irin wadda Diego Ribero ya zana a 1529. Taswira mafi tsufa da ke nuna nahiyar Amurka kuwa ta riga hukumar ma: Juan de la Cosa ya zana ta a kan fata a 1500. Wannan mutum yana cikin waɗanda Kolumbus ya tilasta wa rantsuwa a 1494 cewa Kuba ba tsibiri ba ce, ɓangare ce ta babbar ƙasa, tare da barazanar tara da yanke harshe ga wanda ya sauya magana. Bayan shekara 6 da ya zauna da alƙalaminsa, tsibiri ya zana ta.

Ta yaya suke auna gaɓa alhali babu na'urorin zamani?

Da kayan aiki kaɗan da haƙuri mai yawa. Akwai kamfas mai nuna arewa. Akwai ƙarfen auna tsayin rana da tsakar rana, ko tsayin tauraron arewa da dare, wanda da shi ake gane nisan da jirgi ya yi kudu ko arewa. Lokaci kuma da kwalbar yashi ake ƙirga shi. Yaron jirgi yana tsaye kusa da ita, yashi na ƙarewa bayan rabin awa ya juya ta ya yi shela. In ya yi gyangyaɗi, ko ya juya ta da wuri don aikinsa ya ƙare, lissafin jirgin gaba ɗaya ya karkace.

Idan an matso gaɓa sai a jefa igiya mai dunƙulen darma a bakinta. Gindin darmar yana da ɗan rami da ake cusa wa kitse, saboda in ta taɓa ƙasa ta ɗauko abin da ke can, yashi ne, laka ce ko ɓawon kifi. Mai jifa ya ɗaga murya ya faɗi zurfin, magatakarda ya rubuta. Ma'aunin da suke amfani da shi sunansa braza, wato gaba, irin wadda ake auna zurfin rijiya da ita, kimanin mita 1.67. Ƙananan lambobin da ke warwatse a bakin tashoshi a kan taswirorin nan, zurfi ne da gaba.

Matsalar da ta gagare su ita ce sanin nisan gabas da yamma. Wannan sai da agogon da ba ya kuskure a kan teku, kuma ba a samu irinsa ba sai a shekarun 1760. Kafin nan kintace ake yi. Álvaro de Mendaña ya isa tsibiran Solomon a 1568, ya koma nemansu a 1595 bai gan su ba, ya mutu a hanya. Tsibiran suna nan inda ya bar su, taswira ce ta ajiye su a wani wuri dabam. Sai da aka shafe kusan shekara 200 kafin jiragen Turawa su sake cin karo da su.

Me ya sa San da Santa suka yi yawa haka?

Saboda kalandar cocin Katolika. Kowace rana ta shekara tana da waliyyinta ko idinta, kuma kusan kowane jirgi yana ɗauke da fada, wato limamin coci, mai riƙe da wannan kalanda. Aka hango ƙasa, sai a duba ranar. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan: yadda jin sunan Talatu ko Ɗanjuma ko Azumi ke gaya maka lokacin da aka haifi mai sunan, haka jin sunan wani tsibiri ke gaya maka ranar da jirgi ya gifta ta gefensa.

Tafiyar Sebastián Vizcaíno a gaɓar Kalifoniya ita ce misali mafi daɗin bi, domin ana iya karanta ranakunta daga taswirar yau. San Diego, 12 ga Nuwamban 1602, ga shi kuma sunan babban jirginsa ke nan. Santa Catalina, wajen 25 ga watan. San Pedro, washegari. Santa Barbara, 4 ga Disamba. Concepción, 8 ga Disamba. Año Nuevo, wato sabuwar shekara, farkon Janairun 1603. Punta de los Reyes, wadda yau ake kira Point Reyes, 6 ga Janairu, idin sarakuna uku da Kiristoci ke cewa sun ziyarci Yesu yana jariri. Daga kudu zuwa arewa sunayen suna jere kamar yadda ranakun suke.

Haka abin yake a wasu wuraren. Kolumbus ya ga Dominica ranar Lahadi, 3 ga Nuwamban 1493, ya sa mata sunan ranar. Juan Ponce de León ya sauka a Florida a 1513 cikin kwanakin Ista, lokacin da Sifaniyawa ke kira Pascua Florida, idin furanni. Majelan, jagoran jiragen Sifaniya da suka ratsa ƙarshen kudancin Amurka, ya kai bakin mashigin da ke ɗauke da sunansa a 21 ga Oktoban 1520, ranar Santa Úrsula da budurwoyinta, shi ya sa ake kiran tsinin ƙasar da ke wurin Cabo Vírgenes har yau.

Amma a yi hattara, ba kowane San ne ya fito daga kalanda ba. Wani sunan mishan ne da aka gina daga baya, wani kuma sunan wani babba ne aka lulluɓe da na waliyyi.

Wato har da neman gindin zama?

Ƙwarai kuwa. Kolumbus ya shimfiɗa tsarin tun tafiyar farko a 1492: tsibiri na farko San Salvador, na biyu Santa María de la Concepción, na uku Fernandina don sarki, na huɗu Isabela don sarauniya, na biyar Juana don yarima. Addini tukuna, sannan gidan sarauta, kowa bisa matsayinsa. Filifin ta samo suna a 1543 daga yarima Felipe. Tsibiran da mutanen Majelan suka kira na ɓarayi, Ladrones, an mayar da su Marianas a 1668 don sarauniya Mariana. Monterey sunan sarautar wakilin sarki a Meziko ne, wanda ya tura Vizcaíno. Galveston ta Texas daga Bernardo de Gálvez ce, bayan awon gaɓa da José de Evia ya yi a 1785. Valdez ta Alaska kuma ministan sojan ruwa Antonio Valdés aka yi wa kara da ita a 1790.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan al'ada shi ne wakilin sarki a Meziko a farkon shekarun 1790, mai suna kamar jerin gwano: Juan Vicente de Güemes Padilla Horcasitas y Aguayo, mai sarautar Revillagigedo. Hafsoshinsa suka yayyanka sunan suka rarraba. Tsibiran San Juan, tsibirin Guemes, lungun tekun Padilla da tsibirin Orcas duk suna jihar Washington a yau, ga mashigin Revillagigedo a Alaska. Masu yawon buɗe ido da yawa suna ɗauka Orcas daga manyan kifayen orca da ke ruwan wurin ta samo suna, alhali gutsuren Horcasitas ne.

Raɗa suna ma ba ganin dama ba ne. Dokokin da sarki Felipe na biyu ya fitar a 1573 sun umarci masu gano ƙasa su sa wa lardi suna, su sa wa manyan duwatsu da koguna. Sa suna yana cikin bikin karɓe ƙasa, tare da kafa gicciye da sa magatakarda ya rubuta shaida.

Wuraren ba su da suna ne kafin zuwansu?

Suna da shi, kuma Sifaniyawan sun sani. Kolumbus da kansa ya rubuta cewa mutanen San Salvador suna kiran tsibirinsu Guanahani. Ya ji sunan, ya rubuta shi, ya ɗora nasa a kai.

Sai dai sunan gida ba ya mutuwa da sauƙi. Juana ba ta kama baki ba, Kuba ta tsaya. Jamaika an sa mata Santiago, amma sunan da mutanen Taíno, 'yan asalin tsibiran, ke kiranta da shi ne ya rayu. Haiti ta dawo da sunanta na asali da ta kori Faransa a 1804. Mutanen Puerto Rico har gobe suna kiran kansu Boricua, daga Borikén, sunan tsibirin na da. Acapulco da Pensacola da Malibu duk sunayen gida ne da aka tauna da haƙoran baƙi. Abin takaici shi ne a tsibiran Karibiyan sunayen sun fi masu su tsawon rai: cututtuka da aikin tilas sun kusan shafe al'ummar Taíno cikin 'yan shekaru.

Akwai kuma sunayen da rashin jin yare ya haifa. A 1517 jiragen Francisco Hernández de Córdoba suka iso gaɓar mutanen Maya. Mutanen suka zo da kwalekwale suna maimaita wata magana mai kama da "cones cotoch", ma'ana ku zo gidajenmu. Baƙin suka ɗauka sunan wurin ake gaya musu, suka rubuta Cabo Catoche, kuma shi ne a taswira har yanzu. Game da Yucatán ma akwai tsohon labari cewa asalinta "ba mu gane maganarku ba" ne, sai dai tun a ƙarni na 16 marubutan Sifaniyawa sun saɓa a kan haka, wasu na danganta ta da kalmar rogo.

A yi musu adalci a wuri ɗaya. A 1577 fadar Sifaniya ta aika takardar tambayoyi 50 zuwa garuruwan da take mulka, kuma cikinsu har da neman sunan kowane gari da ma'anarsa a harshen mutanen wurin. Amsoshin da suka dawo, wasu da zanen da 'yan ƙasa suka yi da hannunsu, suna cikin abin da masana ke dogaro da shi yau wajen gano sunayen asali.

Wanda ya fara isa wuri, sunansa ne ke zama?

A'a, kuma a ganina nan ne zuciyar maganar take. Sunan da ya zauna shi ne wanda ya shiga taswirar da wasu suka yi ta kwafa, ko wanda aka gina gari a kansa. Riga isa ba ta wadatar.

Juan Rodríguez Cabrillo ya riga Vizcaíno zuwa gaɓar Kalifoniya da shekara 60. A 1542 ya sa wa San Diego ta yau San Miguel, ya sa wa Santa Catalina San Salvador. Ya mutu a tafiyar, bayanansa kuma ba su da tsabtar da za a gane wuri da su. An ja wa Vizcaíno kunne kada ya sauya sunayen da aka riga aka sa, ya yi kunnen uwar shegu, kuma da yake shi ya dawo da taswirori masu kyau da jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Manila da Meziko suka riƙa amfani da su, nasa ne suka ci. Balboa ya kira babban tekun Mar del Sur a 1513, sunan Pacífico na Majelan ya danne shi a hankali. Majelan shi ma bai tsira ba, domin mashigin da ya kira Todos los Santos sunansa aka liƙa masa. Bruno de Heceta ya ga bakin wani ƙaton kogi a 1775 ya sa masa suna, amma bai shiga ba. Ba'amurke Robert Gray ya shiga a 1792 ya kira shi Columbia, sunan jirginsa.

Wani lokaci suna kan tashi daga wuri ya koma wani. Tsibirin da yau ake kira Puerto Rico an fara kiransa San Juan Bautista, tasharsa kuma Puerto Rico, da tafiya ta yi tafiya suka yi musaya. Sunan San Francisco an fara sa shi ne a 1595 ga wani lungun teku da ke arewa da na yanzu. Shi babban lungun, bakinsa ƙarami ne kuma hazo na yawan rufe shi, jirage suka yi ta wuce shi fiye da shekara 200. Ta ƙasa aka gano shi a 1769, kuma bisa kuskure: ayarin Gaspar de Portolá yana neman Monterey ne, amma Vizcaíno ya zuzuta ta har suka wuce ta ba su gane ta ba. A 1775 jirgin San Carlos na Juan Manuel de Ayala ya shiga, matuƙinsa José de Cañizares ya zagaya da kwalekwale ya zana taswirar farko. A kanta ne sunan Alcatraces ya fara fitowa, kuma masu bincike da yawa suna ganin wani tsibiri ne na kusa aka nufa, wani hafsan Ingila mai suna Beechey ya mayar da sunan kan dutsen da daga baya ya zama sanannen kurkuku.

Da gaske ne ɓoye taswirorin ake yi?

Gaskiya ne, musamman na Tekun Fasifik, inda azurfar Peru da kayan Manila ke bi. Umarni ne in abokan gaba suka kama jirgi a jefa littafin hanya cikin teku. A 1681 wani ɗan fashin teku ɗan Ingila, Bartholomew Sharp, ya kama jirgin Rosario ya ƙwace irin wannan littafi kafin a kai ga jefa shi. Littafin yana ɗauke da zanen tashoshin gaɓar ɗaya bayan ɗaya. A Landan William Hack ya kwafe shi, aka kai wa sarki Charles na biyu. Jakadan Sifaniya ya matsa a hukunta Sharp, aka yi shari'a a 1682, aka sallame shi.

Ɓoyon ya ci Sifaniya ta wata fuskar. Abin da ba a buga ba, duniya ba ta san da shi ba. Luis Váez de Torres ya ratsa tsakanin Sabuwar Gini da Ostiraliya a 1606, rahotonsa ya kwanta a ma'ajiya, sai a shekarun 1760 wani ɗan Birtaniya, Alexander Dalrymple, ya tono labarin ya sa wa mashigin sunan Torres. Tawagar Alejandro Malaspina ta yi awon gaɓa mai inganci daga 1789 zuwa 1794, amma da ya dawo ya faɗa rikicin siyasa aka ɗaure shi, akasarin aikin ya yi shekaru a kulle. George Vancouver ɗan Ingila kuwa an buga nasa a 1798. Tsibirin da aka amince a kira da sunansa haɗe da na hafsan Sifaniya Bodega y Quadra, yau Vancouver kaɗai ake cewa.

Daga ina sunan Kalifoniya ya fito, kuma me ya sa wasu taswirori suka zana ta tsibiri?

Daga littafin tatsuniya. Wajen 1510 aka buga Las Sergas de Esplandián na Garci Rodríguez de Montalvo, labarin jarumai da sojojin zamanin ke so. A ciki akwai wani tsibiri mai suna California, na baƙaƙen mata mayaƙa, mai yawan zinariya, da sarauniya Calafia. Mutanen Hernán Cortés da suka isa zirin ƙasar da yau ake kira Baja California a shekarun 1530 sun ɗauka tsibiri ne, sunan kuma ya manne.

Francisco de Ulloa ya bi ruwan har ƙuryarsa a 1539, ya tabbatar cewa ƙasar a haɗe take, taswirorin ƙarni na 16 kuma suka zana ta daidai. Sai kuskuren ya dawo ta hannun Antonio de la Ascensión, fadan da ya raka Vizcaíno, wanda ya dage cewa tsibiri ce. Daga shekarun 1620 masu buga taswira a Holan da Ingila da Faransa suka ɗauka, wannan ya kwafi wancan, aka yi sama da shekara 100 ana sayar da ƙarya mai kyan zane. Eusebio Kino, wani fada, ya taka da doki har bakin kogin Colorado wajen 1701 ya zana taswirar da ke nuna akwai hanya ta ƙasa, amma wasu suka ƙi yarda. Sai bayan tafiyar Fernando Consag a 1746 maganar ta mutu, har sarki Fernando na shida ya fitar da sanarwa a 1747 cewa Kalifoniya ba tsibiri ba ce.

Wasu sunayen kamar Larabci. Haka ne?

Kunnenka bai yaudare ka ba. Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 zuwa 1492, kuma sun bar sunaye birjik. Galibi inda ka ga Guad a farkon suna, wadi ne. Kogin Sabil da jiragen ke fita ta cikinsa, Guadalquivir, shi ne al-Wadi al-Kabir. Guadalajara ta Meziko ta ɗauko sunan wani gari a Sifaniya, Wadi al-Hijara. Guadalcanal ta tsibiran Solomon sunan garin su ɗaya daga cikin hafsoshin Mendaña ne a kudancin Sifaniya. Guadeloupe ta Karibiyan kuma Kolumbus ya sa mata sunan wani wurin ibada da ke bakin kogin Guadalupe. Ba Larabawa ne suka kai sunayen can ba, Kiristocin da suka gaje su ne suka tafi da su, galibi ba tare da sanin ma'anarsu ba. Har kalmar da suke rubutawa don gargaɗin duwatsun ƙarƙashin ruwa, arrecife, daga ar-rasif take. Akwai masu ganin Calafia ma daga khalifa marubucin ya ƙirƙiro ta, amma wannan hasashe ne.

Legas da Kamaru fa, Sifaniyawa ne suka sa musu suna?

A'a, 'yan Fotugal ne. Harsunan biyu suna kama, shi ya sa ake ruɗewa. Yarjejeniyar Alcáçovas ta 1479 ta bar wa Fotugal gaɓar Gini, Sifaniya ta tsira da tsibiran Kanari. Saboda haka Lagos, Escravos, Forcados, Elmina da Saliyo duk aikin 'yan Fotugal ne, haka Kamaru, daga Rio dos Camarões, kogin jatan lande, wato kogin Wouri na Duwala.

Sifaniya ta shigo yankin ne a 1778, da Fotugal ta miƙa mata tsibiran Fernando Po da Annobón. Babban garin Fernando Po ya sha suna: Port Clarence a hannun Ingilishi daga 1827, Santa Isabel a hannun Sifaniya, Malabo daga 1973. Tsibirin kuma Bioko ake kiransa tun 1979. Dubban 'yan Najeriya da suka je aikin gonakin koko a can suna da nasu sunan, Panya, daga España. A can arewa, Dakhla ta Yammacin Sahara ta yi zamani da sunan Villa Cisneros. Abin ya taɓa tafiya ta ɗaya ɓangaren ma: a 1545 Yñigo Ortiz de Retez ya ga mutanen wani ƙaton tsibiri a Fasifik sun yi masa kama da na gaɓar Gini, ya kira shi Nueva Guinea.

Yaya zan gane labarin asalin suna na gaskiya da na shaci-faɗi?

A nemi takardar zamanin: littafin jirgi, wasiƙa ko taswira mai kwanan wata. Labarin da ya cika daɗi, wanda ba a fara jin sa ba sai bayan ƙarni biyu, a sa masa alamar tambaya. Ana cewa Kanada daga "acá nada" take, wai babu komai a nan. Ba haka ba ne, kalmar mutanen Iroquois ce, kanata, ƙauye. Ana cewa Bahamas daga "baja mar" take, ruwa mara zurfi, amma masana da dama sun fi karkata ga sunan Taíno. Anacortes ta jihar Washington tana kewaye da sunayen Sifaniyanci, tana kuma kama da su, alhali sunan matar wanda ya kafa garin ne, Anna Curtis. Ita Benezuwela, bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne ƙaramar Venice, saboda gidajen kan ruwa da tawagar Alonso de Ojeda ta gani a 1499, amma wani marubucin zamanin, Martín Fernández de Enciso, ya kawo shi a matsayin sunan da ya samu a wurin.

Sunan Amurka ma daga taswirarsu ya fito?

A'a. Bajamushe Martin Waldseemüller ne ya fara rubuta shi a taswirarsa ta 1507, don girmama Vespucci. Sifaniyawa sun yi ƙarnoni suna cewa Indias.

In na samu hoton irin wannan taswira, ta ina zan fara karantawa?

A fara da neman alamar arewa, domin ba kullum take sama ba. Sunayen gaɓa a tsoffin taswirorin ana rubuta su ne a gicciye, daga bakin ruwa zuwa cikin ƙasa, sai ana juya takardar, manyan tashoshi da jan tawada, ƙanana da baƙa. C. na nufin cabo, tsinin ƙasa. Pta. punta ce, ƙanwarsa. B. bahía ce, lungun teku, Pto. kuma puerto, tasha. Bajo wuri ne mara zurfi, ƙananan gicciye ko ɗigo-ɗigo cikin ruwa kuma haɗari suke nunawa. Rubutun bai da ƙa'ida ɗaya: isla kan zo da Y, x da j suna musaya, b da v haka. Nisa da legua ake ba da shi, kuma tsawonta ya sha bamban daga zamani zuwa zamani. Kada a gwada lambobin gabas da yamma da na wayar hannu kai tsaye, domin ba daga Greenwich suke fara ƙirga ba. Wasu daga Kanari suke farawa, na ƙarshen ƙarni na 18 kuma daga Cádiz, mai tazarar kusan digiri 6.

Akasarin takardun asali suna Archivo General de Indias a Sabil, wanda aka kafa a 1785, kuma an ɗora hotunan da yawa a intanet kyauta. Taswirar Juan de la Cosa tana gidan tarihin sojan ruwa na Madrid.

Suna da wani amfani a shari'ar kan iyaka yau?

Suna da shi, amma bai kai yadda ake zato ba. Ƙasashen Latin Amurka da suka sami 'yanci sun amince kowace ta riƙe iyakar lardin da ta gada daga Sifaniya, saboda haka lauyoyinsu sun sha tonon ma'ajiyar Sabil. Honduras da Nikaraguwa har sarkin Sifaniya suka kai wa ƙara, ya yanke hukunci a 1906 cewa iyakarsu ta bi kogin da ke faɗawa teku kusa da Cabo Gracias a Dios, Kotun Duniya kuma ta tabbatar da hukuncin a 1960. Filifin ta gabatar da taswirar Murillo Velarde ta 1734 a ƙararta da Sin, wadda aka yanke a 2016, domin tana nuna wani tudun ruwa mai suna Panacot a inda ake taƙaddama.

Sai dai alƙalai ba sa ɗaukar taswira a matsayin takardar mallaka. A shari'ar Burkina Faso da Mali ta 1986 Kotun Duniya ta bayyana cewa taswira bayani ce kawai, sai in an haɗa ta da wata yarjejeniya a matsayin ɓangarenta. Ko a shari'ar Bakassi ta 2002, yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913 ce ta yanke magana. A ƙarar Filifin ma kotun sasancin da ta saurare ta ba ta ce tudun na wane ne ba, ta tsaya ne a kan abin da dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa.